Allah Ba Abokin Ciniki Ba Ne: Nasiha ga Matasa kan Addu'a da Azumi

Da wuya a sami ɗan Kirista da ya tashi a Kano, Zariya, Gombe ko Maraɗi wanda bai taɓa shan wannan tambaya daga abokin karatu ko maƙwabci ba, musamman in watan Ramadan ya kama: "Wai ku kuna azumi kuwa?" Yawanci ba da wata manufa ake yin ta ba. Mai tambayar ya saba ganin an tashi sahur a gidansu, gari ya yi tsit da rana, da magariba kowa ya nufi buɗa-baki, ku kuwa bai ga alamar komai a wajenku ba. Amsar da na fi ji a bakin matasanmu ita ce, "Muna yi mana, amma namu ba dole ba ne." In aka ƙara da cewa, to, yaushe rabonka da yi, sai a shiga sosa ƙeya. 'Yancin da Almasihu ya ba mu, da yawanmu mun mai da shi hutu.

Akwai kuma waɗanda suka rungumi azumi hannu bibbiyu, amma da niyyar da ke ba ni tsoro: kwana 7, kwana 21, kwana 40, wani lokaci ba ci ba sha, don a matsa wa Allah ya saki aiki, ko miji, ko biza. 'Ya'yana da ƙannena, da ku duka nake, masu sakaci da masu wuce gona da iri.

Kafin Yesu ya fara wa'azi a Galili, sai da ya yi kwana 40 a jeji bai ci komai ba, kamar yadda Musa ya yi a Dutsen Sina'i, Iliya kuma a hanyarsa ta zuwa Horeb. A Matiyu sura 6 ya jera abu uku, sadaka da addu'a da azumi, ya yi maganarsu a matsayin abin da mabiyansa za su riƙa yi ba sai an roƙe su ba. Abin da ya tsaya koyarwa shi ne yadda za a yi su ba don idon mutane ba. Da aka tambaye shi me ya sa almajiran Yahaya Mai Baftisma da na Farisiyawa ke azumi amma nasa ba sa yi, ya nuna musu cewa ba a azumi ango na zaune cikin abokansa, amma ranar rabuwa na tafe, a lokacin za su yi. Sun kuwa yi. A Antakiya, shugabannin ikilisiya na cikin sujada da azumi Ruhu Mai Tsarki ya sa aka keɓe Barnaba da Shawulu. Aka sake yin azumi da addu'a, aka ɗora musu hannu, aka sallame su zuwa tsibirin Kubrus da bishara.

Waɗanda suka biyo bayansu ba su bar abin a hannun "in na ga dama" ba. Akwai wani ɗan littafin koyarwa da ake kira Didake, wanda masana ke sa shi a ƙarshen ƙarni na 1 ko farkon na 2. A cikinsa an umarci masu bi su yi azumi Laraba da Juma'a, su kuma yi Addu'ar Ubangiji sau 3 a rana. Daga baya azumin kwana 40 kafin Ista ya kafu, wanda Katolika da Angilikan da Lutaran ke farawa ranar Larabar Toka. A ɗariƙar Katolika, azumin Larabar Toka da na Juma'ar da aka gicciye Almasihu wajibi ne a kan mai shekara 18 zuwa 59 in yana da lafiya. Kiristocin Habasha da na Masar kuwa babban azuminsu kwana 55 ne, ba nama, ba madara, ba ƙwai, ga kuma Laraba da Juma'a na kusan dukan shekara. A 2025 Ramadan ya kama a farkon Maris, Larabar Toka ta faɗo 5 ga watan, aka yi makonni maƙwabta na azumi a lokaci guda, kowa bisa addininsa. A ECWA, COCIN, EYN, HEKAN da Baptis ba a ɗora wa kowa wata guda ba. Ikilisiya takan sa ranaku a farkon shekara, ko gabanin babban taro, ko in wata masifa ta taso, sauran kuma a bar mutum da lamirinsa. Nauyin ya ƙaru ke nan, domin ba mai buga maka ƙofa ya ce ka tashi.

Amma addu'a ce a gaba, azumi na biye. Wanda ya wuni bai ci ba, bai kuma durƙusa ba, yunwa kawai ya sha.

A ƙauyukanmu da yawa har gobe ana addu'ar asuba. Wajen ƙarfe 5 mai bishara zai fito ya buga tsohon ƙarfen ƙafar mota da ke rataye a reshen darbejiya. In damina ce, sai ka ga fartanyoyi jingine a bakin ƙofar majami'a, domin daga nan gona za a wuce. Wata ta zo da goyo, wata riƙe da fitilar ƙwai, a zazzauna a kan dakalin ƙasa mai sanyi. A karanta Zabura ɗaya, a rera waƙa ɗaya, sannan a shiga kiran sunaye: wance da ke naƙuda tun jiya, wane da maciji ya sara, yaron da ya tafi Kaduna neman aiki ba a ji ɗuriyarsa ba, ruwan da ya ɗauke har gero ya fara lanƙwasa. A ce amin, a gaggaisa, a watse kafin gari ya gama wayewa. Ba lasifika, ba wanda ya faɗi ƙasa, ba abin da za a ɗauka a waya a yaɗa. Irin wannan ƙaramar addu'a ta kullum ce ta riƙe ikilisiya a ƙasar nan. Ko yunƙurin Sabon Rai Don Kowa, da ya bazu a arewa cikin shekarun 1960, da ƙananan ƙungiyoyin addu'a a gidaje ya kafu kafin a fita wa'azi.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Sa'ad da aka sa hannu a dokar da ta hana roƙon kowa sai Sarki Dariyus, Daniyel bai ƙirƙiro sabon abu ba. Ya hau ɗakinsa mai taga da ke duban Urushalima, ya durƙusa sau 3 a rana kamar yadda ya saba tun dā. Wanda bai saba magana da Allah ranar lafiya ba, ranar tashin hankali bakinsa nauyi zai yi. Saboda haka ku tsai da lokaci, ku tsai da wuri, ko da kusurwar ɗaki ce ko bayan ɗakin karatu. Minti 10 kowace safiya da za a ɗore a kai sun fi kwanan zaune guda da za a yi sau ɗaya a shekara. Babban abokin hamayyar wannan lokaci yana ƙarƙashin matashin kanku. Yawancinku ido na buɗewa hannu ya kai ga waya, kafin a ce me, zuciya ta cika da faɗan mutanen da ba ku taɓa gani ba. Ku bar ta a kife har ku gama. Hankali zai yi yawo, barci zai fizge ku, wata rana za ku ji kamar da bango kuke magana. Wannan ba alamar an ƙi ku ba ce. Bitrus da Yakubu da Yahaya ma barci ya kwashe su a Getsamani, a daren da aka fi bukatarsu, Ubangiji bai kore su ba. Ku dawo da hankalin, ku ci gaba.

In kun rasa abin faɗa, an riga an ba ku. Ku ɗauki Addu'ar Ubangiji a hankali, ba da gudun da ake yi mata a ƙarshen sujada ba, ku lura da jerinta: sunan Allah da mulkinsa da nufinsa ne a gaba, sannan abincin yini, sannan gafara wadda aka ɗaure ta da gafarar da muke yi wa wasu, sannan tsari daga Mugun. Mu kuwa mukan fara daga abinci mu tsaya a nan. Ga kuma Zabura guda 150. In kun yi zunubi kunya ta hana ku ɗaga kai, ta 51 na nan. In zuciya ta cika da godiya, ta 103. In kuna jin Allah ya manta da ku, ta 13 da ta 22 za su faɗa muku abin da kuke tsoron faɗa, ta 88 kuwa cikin duhu ta fara cikin duhu ta ƙare, duk da haka an bar ta a Littafi. Allahn da ya yarda aka rubuta wannan ba ya bukatar ku yi masa murmushin ƙarya. Tun 1932, bayan wahalar Dokta Walter Miller da abokan aikinsa, muke da cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa. Wani abu da ke damuna shi ne yadda wasu matasa ke ganin addu'a ba ta da nauyi sai da Turanci, har a ga yaro yana tuntuɓe da kalmomin da ya kwaso daga talabijin. Ku roƙi Allah da harshen da kuke kuka da shi, Hausa ce, Bura ce, Tangale ce ko Angas.

Ɗaga murya ba laifi ba ne. Wasiƙar Ibraniyawa ta shaida cewa Yesu kansa ya yi roƙo da kuka mai ƙarfi da hawaye. Sai dai ƙarar murya ba ita ce ma'aunin bangaskiya ba. Hannatu a Shilo leɓunanta kawai ke motsi, har Eli firist ya zaci ta bugu, amma Sama'ila ne amsar wannan addu'a. Annabawan Ba'al su 450 sun wuni suna ihu a Dutsen Karmel suna tsaga jikinsu, ba wanda ya kula su. In kwanan zaunenku na hana maƙwabci mara lafiya runtsawa, ku rage lasifikar. Ƙaunar maƙwabci ma umarni ce.

Akwai wata irin addu'a da ta shigo mana wadda nake roƙonku ku yi hattara da ita: a kwashe awa guda ana kiran wuta da mutuwa a kan "maƙiya", in ka bincika kuwa maƙiyin nan kishiyar uwa ce, ko wata tsohuwar goggo a ƙauye da ba ta san hawa ba ta san sauka ba. Yakubu da Yahaya sun taɓa neman izinin kiran wuta a kan wani ƙauyen Samariyawa da ya ƙi karɓarsu, Yesu ya juya ya tsauta musu. Istifanas, duwatsu na sauka a kansa, gafara ya roƙa wa masu jifan. Na san wannan magana tana da ɗaci a ƙasar da wasunku suka binne iyaye da 'yan'uwa saboda rikici. Ba da sauƙin baki nake faɗarta ba. Ku roƙi adalci, ku roƙi Allah ya tsai da hannun mugu, wannan hakkinku ne. Amma ku sa sunan wanda ya cuce ku cikin addu'a, ko da muryarku na rawa, domin ƙiyayyar da aka rena shekara da shekaru mai ita take fara ci.

To, me yunwa ke ƙara wa addu'a? Wanda ya taɓa yi ya san yadda abin yake. Da safe lafiya lau. Wajen ƙarfe 2 kai ya fara sara, baki ya yi ɗaci, ƙanshin suyar maƙwabta ya zama jaraba. Sai ƙaninka ya taɓa maka kaya, ka ji wani irin fushi ya taso har kai kanka ka yi mamaki. Yunwa ba ta kawo fushin ba, dama yana nan, ƙoshi ne ya rufe shi. Azumi yakan tone abin da ke ciki don mutum ya gan shi ya kai shi gaban Allah. Yakan kuma koya wa jiki jin kalmar "a'a". Tuwo halal ne, ba wanda ya hana ka. In ka iya duban halal ka ce ba yanzu ba, ranar da haram ta zo da kwalliyarta, satar jarrabawa ce, cacar waya ce, ƙwaya ce, ko mai motar da ke tsayawa a ƙofar makarantar 'yan mata da yamma, za ta tarar da wanda ya riga ya saba ƙin abin da ransa ke so. Isuwa bai koyi wannan ba, ya dawo daga jeji da yunwa ya sayar da matsayinsa na ɗan fari a kan kwano guda. Bayan haka, mai jin yunwa ya san shi ba kowa ba ne. Awa 8 ba abinci sun isa su tuna wa mai ƙarfi cewa numfashinsa a hannun wani yake, kuma addu'ar wanda ya san haka dabam take.

Abin da azumi ba ya yi shi ne sayen Allah. Nan ne mutane da yawa ke karyewa. Sukan shiga azumi kamar mai shiga kasuwa: na ajiye kwana 7, sai a miƙo mini kayana. In kayan ba su zo ba, sai a ce kuɗin ne bai kai ba, a ƙara kwana 14, in har yanzu shiru, sai a yi fushi a bar majami'a gaba ɗaya. Bafarisiyen nan na Luka sura 18 sau 2 yake azumi a mako, ya tsaya a Haikali yana lissafa wa Allah, amma mai karɓar harajin da ya kasa ɗaga ido sama shi ya koma gida karɓaɓɓe. Ku tuna ma cewa Yezebel azumi ta sa aka yi shela don a sami hanyar kashe Nabot a ƙwace gonar inabinsa, kuma mutum fiye da 40 sun rantse ba za su ci ba za su sha ba sai sun kashe Bulus. Barin abinci shi kaɗai bai tsarkake niyyar kowa ba.

Dubi Dawuda. Ɗan da Batsheba ta haifa masa ya kwanta ciwo, sarki ya ƙi abinci, ya kwana a ƙasa yana roƙo, fadawa suka yi juyin duniya ya ƙi tashi. A rana ta 7 yaron ya rasu. Dawuda ya tashi, ya yi wanka, ya sake tufafi, ya shiga ɗakin Ubangiji ya yi sujada, sannan ya koma gida ya ci abinci. Bai ce an ci amanarsa ba. Ya roƙa da dukan ƙarfinsa domin ya san Allah mai jinƙai ne, ya kuma karɓi amsar domin ya san Allah ne Allah. Bulus sau 3 ya roƙa a cire masa abin da ke sukar jikinsa, ba a cire ba, alheri aka ba shi na ɗauka. Ubangijinmu kansa a Getsamani ya roƙa a ɗauke masa ƙoƙon wahala, ya miƙa wuya ga nufin Uba, washegari aka gicciye shi.

Mu a nan ba sai an ba mu labari ba. A daren 14 ga Afrilu 2014 aka kwashe 'yan mata 276 daga makarantar sakandare ta Chibok, yawancinsu 'ya'yan EYN. An yi azumi, an yi addu'a, a Borno da Adamawa da ƙasashen da ba su taɓa jin sunan garin ba. Wasu 57 suka kuɓuta tun farko, aka sako 21 a 2016, aka sako 82 a 2017, wasu suka fito ɗaiɗai daga baya, wasu kuwa shekaru suka shuɗe ba su dawo ba, akwai iyayen da suka mutu suna jira. A Janairun 2020 aka kama Rabaran Lawan Andimi, shugaban ƙungiyar Kiristoci ta CAN a Michika, aka yi ta roƙo dominsa, a cikin watan aka kashe shi. Bayan haka CAN ta kira azumin kwana 3 a dukan ƙasa. Duk wanda zai dubi uwar da 'yarta ba ta dawo ba ya ce mata azuminta ne bai isa ba, ko bangaskiyarta ce ta gaza, ya yi mata zalunci na biyu, ya kuma yi wa Allah ƙarya. A Ayyukan Manzanni sura 12, Hirudus ya kashe Yakubu da takobi, ya kama Bitrus, ikilisiya ta duƙufa da addu'a, mala'ika ya fito da Bitrus daga kurkuku. Ikilisiya ɗaya, sura ɗaya, an kashe ɗaya an kuɓutar da ɗaya, Littafi bai ba da dalili ba. Abin da ya nuna shi ne ba su daina taruwa ba. Ku roƙa da gaba gaɗi, ku kira abin da kuke so da sunansa, Allah yana amsawa, na kuwa ga ya amsa. Amma ku shiga da sanin cewa ɗa ne ke magana da Ubansa, Uba kuwa yana da ikon cewa a'a ko ba yanzu ba.

Kada kuma azumi ya zama mafakar lalaci. Nehemiya ya ji labarin rushewar garun Urushalima, ya yi kuka ya yi azumi, sannan ya tashi ya nemi izinin sarkin Farisa da takardu da katako. Da maƙiya suka yi barazana, ya yi addu'a ya kuma sa masu gadi dare da rana. Ɗalibin da ya rufe littafi ya ce azumi zai ci masa jarrabawar JAMB, kansa ya yaudara.

Yanzu maganar lafiya, kuma ina so ku ji ta da kunnen basira. A 2023, a dajin Shakahola kusa da Malindi a ƙasar Kenya, aka fara tono gawawwakin mabiyan wani mai wa'azi da aka ce ya umarce su su bar abinci har mutuwa don su sadu da Yesu. An tono fiye da 400, da yara da yawa a ciki. Duk wanda ya ce ku cuci jikinku don ku burge Allah, ko wane irin suna yake ɗauke da shi, ku guje shi. Iblis ne ya ce wa Yesu ya diro daga ƙololuwar Haikali, Yesu ya ƙi gwada Allah. Jikin ɗan Adam ba ya jure rashin ruwa sai 'yan kwanaki kaɗan, balle a zafin Maris da Afrilu da ke haura digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri da Yamai. Mai gyambon ciki, mai ciwon suga, mai juna biyu, mai shayarwa, da wanda ke shan magani kullum, kada su fara sai sun ji ta bakin likita. Mai sikila kuwa ƙarancin ruwa a jiki na iya tayar masa da ciwo, kada ya yi wasa da shi. Wanda lafiya ta hana ba a rage masa komai ba a wurin Allah. Daniyel ya yi mako 3 yana cin abinci, nama da ruwan inabi da kayan daɗi kawai ya bari.

Mai lafiya ya fara da kaɗan. Ka bar abincin safe, ko ka kai ƙarfe 3 na rana, wanda tsohuwar al'ada ce a ikilisiya, in ka saba ka kai faɗuwar rana. Ka sha ruwa. Lokacin da za ka ci abincin, ka ba Littafi da addu'a, in ba haka ba waya ce za ta cinye shi. Ka wanke fuska ka shafa mai ka fita harkarka, kada ka sa a Facebook ko WhatsApp cewa yau kwana na kaza. Amma ɓoyewa ba ta hana ka gaya wa mahaifiyarka ba, don kada ta dafa da kai ta kuma shiga damuwa ko ba ka da lafiya. In za ka buɗe baki, kunu ko koko ya isa farawa, kada ka rama abin da ka bari har da riba. Kada kuma ku ɓata bakinku wajen gardamar azumin wace ɗariƙa ne daidai. Monika, mahaifiyar Agustin malamin ikilisiya na dā, ta damu da ta ga ana azumin Asabar a Roma amma ba a yi a Milan, Bishop Ambros ya ba da shawara a bi al'adar ikilisiyar da mutum ya tarar, maganar ta ƙare a nan.

Saura abin da na fi so ku riƙe. A Ishaya sura 58 mutane sun kai ƙara cewa sun yi azumi Allah bai duba ba. Amsar da suka samu mai zafi ce: a ranar azumin nasu suna danne ma'aikatansu, suna faɗa da naushi. Azumin da Allah ya ce yana so ya haɗa da sakin wanda aka zalunta, raba abinci da mayunwaci, ba mara gida masauki, suturta mai tsiraici, da kuma kada mutum ya ɓuya wa danginsa. Masu bi na farko sun ɗauki wannan da gaske. A wani littafi na ƙarni na 2 da ake kira Makiyayin Harmas, an koyar cewa ranar azumi mutum ya lissafa kuɗin abincin da zai ci, ya ba gwauruwa ko maraya. Wani masani na Atina mai suna Aristidis ya rubuta wa sarkin Roma cewa in Kirista suka ga mabukaci a cikinsu ba su kuwa da rarar abinci, sukan yi azumin kwana 2 ko 3 don su ciyar da shi.

Na san wata uwa a Zumuntar Mata da ba ta taɓa jin sunan waɗannan littattafai ba, amma haka take yi. Ranar Juma'a takan auna masarar gidan kamar kullum, sannan ta ɗebe rabonta ta zuba a wani ɗan buhu da ke bayan ƙofa. In buhun ya yi nauyi, sai bayan duhu ya yi ta aiki jikarta gidan wata gwauruwa mai 'ya'ya, ta ce a ajiye a zaure, a gaishe ta, kada a ƙara komai. Yarinyar ce ta girma ta ba da labari.

Na san cikinku akwai waɗanda azumin dole suke yi. Tsadar abinci ta sa ɗalibai da yawa sau ɗaya suke ci a wuni, wasu gidajen sai dare ake ɗora tukunya. Kai da ke cikin wannan hali, Allah ba ya neman ƙarin yunwa daga gare ka. In ka samu ka ci da godiya, ka riƙe lokacin addu'arka, ka bar wani abin dabam da ke cinye maka zuciya. Kai kuma da ake ajiye wa kwano sau 3, kuɗin abincin ranar azuminka ka fitar da shi gefe tun da safe, na shayi da burodi da na shinkafa da wake, kada ya koma katin waya. Ba sai ka yi nisa wajen neman mai shi ba. A ɗakin kwananku akwai wanda kullum lokacin cin abinci ya yi sai ya ce ya ƙoshi, ya ɗauki littafi ya fita. Ranar da za ka buɗe baki ka sayo kwano biyu, ka ce masa ba ka jin daɗin ci kai kaɗai, Kirista ne shi ko Musulmi.